Rakiyar da ba a ce min in koma ba

Shekarar da wayar hannu ta fara yawa a Azare aka kawo mana wani Bature makarantar da nake koyarwa. Aka ce aikin sa kai ya zo yi, don a samu zaman lafiya da fahimtar juna. Muka dubi juna a ofishin malamai. Mu dai a saninmu ba yaƙi ake yi a ƙasarmu ta Katagum ba. Malamin lissafi ya ce ƙila laifi ya yi a garinsu ya gudo. Ni na ce rashin aikin yi ne kawai.

Baturen ya ƙi zama a gidajen malamai, wai shi cikin mutane yake so. Shugaban makaranta ya rasa inda zai sama masa ɗaki duk faɗin garin nan sai gidan yayana.

Lokacin shekararmu huɗu ba ma magana da Yaya. Wata tsamiya ce a kan iyakar gonakinmu na gado a Bulkachuwa, ya sare ta bai gaya min ba. Na faɗa masa maganar da ba a faɗa wa na gaba, a gaban mutane kuwa. Ina da zuciya, ban taɓa musu ba. Inna tana gidansa, don haka ba na zuwa gaishe ta sai na tabbata yana kasuwa. Kullum za ta ce, "Sai na mutu za ku haɗu a kan gawata ko?" Sai in kauce wa zancen in ce mata ya ciwon ƙafar. Abin yana ci na, amma ban ga ta inda zan fara ba.

Wata Asabar na gayyaci Baturen cin tuwo. Ya ci da hannu, ya ɓata riga, ya ce madalla ya fi sau goma. Bayan la'asar ya tashi tafiya, na ce bari in taka masa.

To kowa ya san yadda rakiya take. Ka taka wa baƙo zuwa bakin layi, ya ce, "Malam, koma haka nan, na gode." Ka ƙara taku uku don kara, ya sake faɗa, ka juya. Ashe wanda ya koya wa bawan Allahn nan Hausa bai kai shi wannan darasin ba.

Muka kai bakin layi, na rage sauri. Shi ma ya rage. Muka wuce mai faci, na tsaya ina gyara takalmin da ba abin da ya same shi. Ya tsaya yana jira na cikin ladabi. Wani ɗan acaɓa ya yi mana oda, na ce Alhamdu lillahi, ga mafita. Baturen ya ɗaga masa hannu ya ce ai tafiyar ƙasa da aboki ta fi daɗi.

Na buɗe baki zan ce ni nan zan juya, sai ya ɗauko zancen abin da ya kawo shi. Ya ce kakansa ya je yaƙi yana saurayi, ya harbi mutanen da bai taɓa cin abinci da su ba, har ya tsufa yana wannan maganar. Shi ya sa ya yi niyyar ya je inda ba a san shi ba, ya zauna, ya ci abin da ake ci. Ina za ka bar mutum a tsakiyar titi yana zancen kakansa? Na ci gaba da jan ƙafa, ina hango bangon gidan da na sani yana matsowa.

Yaya yana zaune a kan tabarma a ƙofar gida, rediyo a gefensa. Ya rame, gemunsa ya yi fari, ba wanda ya gaya min.

Baturen ya ce, "Alhaji, ga abokina, ya rako ni tun daga gidansa." Har da gabatar da ni.

Na durƙusa na ce, "Yaya, ina wuni."

Ya daɗe yana murɗa rediyon. Sannan ya ce, "Lafiya lau. Shiga, Inna tana ciki." Ya matsar da ƙafarsa na wuce.

Inna ta dube ni, ta dubi ƙofa, ta ce, "Ai yana waje." Na ce na gan shi, mun gaisa. Ta ja mayafi ta rufe fuska.

Da na fito Yaya ya riga ya sa takalmi. Ya ce, "Mu je in taka maka." Muka kai bakin layi, ya rage sauri. Muka wuce mai faci, ya yi gyaran murya. Ni na san darasin sarai, tun ina yaro shi ya koya min. Ban ce masa ya koma ba.