Katin Goggo a Tukunyar Iri

Goggo, ƙanwar babana, ita ta riƙe ni tun da aka yaye ni, a wani ƙauye bakin fadamar Haɗeja, inda ruwa kan kwanta bayan damina har mutum ya rasa inda sama ta ƙare. Da sassafe mukan tsaya a jingar gonarta tana nuna min tsuntsayen da ke zuwa daga nesa. Baƙinta ne, in ji ta, ba sa saɓa alkawari.

Da na sami aikin gwamnatin tarayya aka ba ni katin inshorar lafiya. A lokacin idonta ya fara hazo. Na je ofishin inshorar da zumuɗina a sa sunanta, ma'aikacin ya ce katina ni da matata da 'ya'yana kawai ya sani.

"To wadda ta goya ni fa?"

"Tsofaffi irinta na jiha ne, malam. Tarayya ta shimfiɗa doka, tana turo nata kason, jiha ke yi musu rajista."

Raina ya ɓaci. Gwamnati biyu sun raba ni da Goggo kamar rabon gado. Haka na kai ta Haɗeja muka bi layi har aka yi mata nata. Na ce duk ranar da ta so ta je asibiti, ba za ta biya ba. Ta shafa katin, ta sa min albarka.

Duk sanda na kira sai ta ce ido da sauƙi. Da na zo lokacin kaka na tarar tana laluben butar da ke gabanta. Ashe ko sau ɗaya ba ta je ba. Katin na naɗe cikin tsumma a tukunyar irin shinkafa. A wurinta duk abin da aka tanada don ranar wuya iri ne, kana ɗiba yana raguwa. Na kai ta asibiti da kuɗina, likita ya ce ganin da ya tafi ba zai dawo ba, sai dai a tare saura.

Kashegari ta ce in kai ta jinga. Ruwa ya yi luf, tsuntsaye na sauka a hankali.

"Sun zo?"

"Sun zo, Goggo."

"Na ji fukafukansu." Ta lalubo hannuna ta danƙa min katin. "Ungo, ajiye wa yaranka. Ban taɓa ko ƙwaya ba."

Na karɓa. Har ta rasu ban iya gaya mata ita kaɗai katin ya sani ba.