Buhun Ƙwarin Badaru

A Dogarawa, in ka ce Badaru Mai Ƙwari, kowa zai nuna maka gidansa. Manomin hatsi ne, kuma shekara uku a jere murzuna, tsutsar nan mai cin zangarniya, tana bar masa rumbu rabi.

Bara masu bincike suka zo daga Yamai. Gwamnati ta ba su kuɗin aiki, suna kiwon wasu ƙananan ƙwari masu kashe murzuna. Aka nemi wanda zai gwada, kowa ya noƙe, Badaru ya yi tsalle ya miƙa hannu. Suka ba shi ƙaramin buhu guda ɗaya tak, mai hatsi da tsutsa da ƙwarin a ciki, suka ce ya rataye shi kusa da gona, in ya lalace sai wata damina.

Maƙwabcinsa Barmo ya yi ta dariya. "Kai Badaru, tsutsa ta cinye ka, ka ƙaro wata!"

Murna ta hana Badaru yi wa matarsa Ikilima bayani. Ya rataye buhun a jikin rumbu, bakin gona, ya tafi kasuwar Konni. Can wurin masu albasa ya tuna halinta: ba ta ganin hatsi mai tsutsa ta ƙyale shi. Ya ɗare kabu-kabu yana cewa, "Taka, don Allah, taka!"

Ya tarar ta kwance bakin buhun, faifai a hannu, kaji sun kewaye ta.

"Uwar Latifa, tsaya! Kar ki zuba!"

"Maigida, mi ya faru? Hatsin ga ya ɓaci, shanya shi za ni yi, kaji su tsince."

"Tsutsar ga abincin sojojina ce! Cikinta suke ƙwai!"

Ta leƙa ciki, ta dube shi. "Sojoji? Su waɗanga da ba su kai sauro ba?"

Ta ɗaure buhun tana dariya, ta kori kaji da zane. Tun ranar ita ke gadinsa, har ƙwarin suka fita ta saƙar buhun suka bazu cikin gonaki.

Da kaka ta yi, Badaru ya ɗaga zangarniya tsakiyar gari, cike take har kai. Gonar Barmo ma ta tsira, don ƙwarin ba su san iyaka ba.

Bana masu binciken sun dawo, sun ce an ƙara musu tallafi, za a koya wa mutanen gari kiwon ƙwarin da kansu. Kafin Badaru ya ɗaga hannu, Ikilima ta riga shi.