Masauki Uku da Tukunyar Mama

Mun tashi da asuba daga Bobigny, ni da yayana, ranar Asabar ɗin farko bayan na gama jarrabawa. Ban so tafiyar ba. Sati uku na yi ina barcin awa huɗu, burina kawai in rufe ƙofa in kwanta. Amma a gidanmu duk abin da ya shafi cike takarda ko karanta ƙananan rubutu ni ake miƙa wa, kuma wannan karon aikin ya fi ƙarfin waya. Sai an je an gani da ido.

Ga waɗanda ba su san dalili ba: da sanyin da ya wuce aka yi wa Baba aiki a zuciya. Bana ne ya kamata mu je Damagaram hutu, likita ya ce a'a. Ba doguwar tafiya, ba zafi. Ya ce a kai shi inda iska take da sanyi, gefen duwatsu, amma kada a hau da shi sama sosai, kuma ya riƙa tattaki a wuri mai shimfiɗe. Mu shida ne, da iyayenmu da ƙannena mata biyu, kuma ba wanda ya taɓa yin irin wannan hutu a cikinmu. Na yi kwanaki ina tace gidajen haya a intanet har suka rage uku, duka a duwatsun da ke bayan Lyon. Na ja layuka a kayena, wato littafin rubutuna, kowane gida da shafinsa: matakala nawa, nisan asibiti, inda ake samun naman halal.

Saƙo biyu na fita da su. Na Baba tun ranar Juma'a da yamma ya faɗe shi a gaban kowa. Ya ce in nemi babban gida, domin mutanenmu na Lyon ba su samu sun zo duba shi ba, in ya matso kusa kuwa za su zo. Na Mama a bakin ƙofa ta faɗa, tana miƙo mini robar dambu da zogale, muryarta ƙasa ƙasa.

"Ki duba mini inda ni ma zan zauna."

Ba ta ƙara ba. Wata biyar ke nan kowace Asabar da Lahadi falonmu cike yake da masu dubiya, abokan aikin Baba na sito-siton Aubervilliers da matansu, ita kuma tana tsaye a kan babbar tukunyarta ta dalma da ta taho da ita daga gida. Ta riga ta sauko da tukunyar daga saman kabad ta ajiye cikin kayan tafiya tun hutun bai zo ba.

Metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, a wannan lokacin na masu shara da masu gadi ne, kowa ya jingina kai da gilashi. Jirgin ƙasa ya ɗauke mu awa biyu zuwa Lyon. Yaya ya yi barci tun ba mu fita Paris ba. Ni na zauna ina kallon gonakin alkama da fararen shanu, ina juya saƙonnin nan biyu a raina, na kasa haɗa su a gida ɗaya. Na sayi kofi a cikin jirgin, ɗan kofin da bai kai tafin hannu ba kusan yuro uku, kuma bai kore mini barcin ba.

A Vaulx-en-Velin gwaggonmu take, ƙanwar Baba, hawa na bakwai, asansar, na'urar hawa bene, kuma ta lalace. Muka hau da ƙafa. Gaisuwa ta ɗauki lokacin da shayi ya huce: jikin Alhaji, ƙafar Mama, karatu, gajiya, gajiyar gajiya. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka Uwata take kirana. Kafin mu gama karyawa wayarta ta yi ƙara sau huɗu, kuma duk masu kiran tambaya ɗaya suke yi, yaushe Alhaji zai iso. Ban san yadda labarin ya riga mu zuwa ba. Da Yaya ya karɓi makullin motar mijinta, sai muka ga ta yafa mayafi ta ɗauki jaka.

"Ku biyu za ku zaɓa wa yayana gida? Ɗaya ba ya gani sai waya, ɗaya ba ta magana. Mu je."

Gida na farko yana cikin kwari, awa ɗaya da 'yan mintoci a kan babbar hanya, da kuɗin hanya da ake biya a ƙofa. Tsohon gidan gona ne da aka gyara. Ɗaki biyar, fili da zai ɗauki mota goma, falon da za a shimfiɗa tabarma a yi jam'i. Madafar ta fi ɗakin kwanan iyayenmu girma, da murhun gaz mai kai biyar. Mai gidan ya ce in dai ba za a fasa masa kaya ba, ko mutum nawa ne su kwana. Yaya ya ɗauki hoto ya aika wa Baba, amsa ta dawo nan take da murya: "Ma sha Allah, wannan shi ne." A kayena ma gidan ya cinye kusan kowane layi. Abu biyu na rubuta a gefe: duwatsun daga nesa ake hango su, kuma da rana zafin kwarin bai bambanta da na Lyon ba. Gwaggo ta tsaya a gaban murhun nan ta daɗe. Ta kunna kai ɗaya, ta kashe. Muka koma Lyon muka kwana.

Ranar Lahadi muka wuce Grenoble muka fara hawa. Duk wanda zai bi hanyar nan kada ya cika cikinsa. Lanƙwasa ce bayan lanƙwasa, dutse a dama, rami a hagu, masu keke cikin matsattsun kaya suna haki a gefe. Kunnena ya toshe, zuciyata ta tashi. Gwaggo ta riƙe ƙofa da hannu biyu tana salati, tana kuma yi wa Yaya faɗa tsakanin salatin. Sau biyu muka tsaya don in sha iska.

Gida na biyu shi ne wanda na fi so a hoto, gidan katako a wani gari na masu wasan ƙanƙara. Daga barandarsa ana ganin kawunan duwatsu da sauran farin ƙanƙara a jikinsu, ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba. Amma daga inda ake ajiye mota zuwa ƙofa na ƙirga matakala talatin da ɗaya, ɗakunan kwana kuma suna sama. Garin kansa rabinsa a rufe tunda lokacin wasan ya wuce, kantin magani sai an sauka. Ni mai shekara ashirin da biyu na isa ƙofa ina haki. Ban ma buɗe kaye ba. Muka zauna a kan wani benci muka ci ragowar dambu da burodi, Yaya yana tsokanata.

"Malama mai kaye, sati biyu kina bincike, ba ki ga matakala a hoto ba?"

"Ba sa ɗaukar hoton matakala, Yaya."

Na gaji sosai a lokacin, har na ce mu bar na ukun, mu kama na farko kowa ya huta. Gwaggo ta ce tunda an riga an wahalar da ita, sai ta ga ƙarshen wahalar.

Na ukun yana wani ƙauye a kan shimfiɗaɗɗen tudu, tsaka-tsaki, bai kai na biyu tsawo ba. Makiyaya ce ko'ina, shanu da ƙararrawa a wuya, da hanyar ƙafa mai laushi da ta bi gefen rafi. Akwai gidan burodi, da likita a ƙauyen gaba, da 'yar kasuwar cuku da zuma. Nama sai an sauka Grenoble, kusan minti arba'in, masallacin Juma'a ma can. Gidan ƙasan benen wata tsohuwar Bafaransa ne, ita tana sama. Ba matakala ko ɗaya. Wurin wanka a shimfiɗe yake, ba bahon da za a tsallaka, na rubuta wannan da jan biro saboda Baba da alwala. Ban ɗaki daban yake kuma ba famfo a ciki, na rubuta buta biyu. Na duba alƙibla a waya, ta faɗa daidai tagar falo. A waje akwai lambu da dogon tebur a ƙarƙashin bishiya, da kujerar kwanciya guda ɗaya.

Sai dai gidan ƙarami ne, gado shida cif. Madafar kuwa mutum biyu ba sa juyawa a ciki. Murhun na lantarki ne mai fuskar baƙin gilashi, kai biyu. Madam ta ciro wani ɗan maganaɗisu daga jikin firijo ta nuna mana: tukunyar da wannan ya manne wa gindi ita kaɗai murhun yake kamawa. Ta dalma ko ta kwana a kai ba za ta yi ɗumi ba. Tukwanen gidan guda uku ne, babbarsu da ƙyar ta ciyar da mu shida. Na ja layi a ƙarƙashin wannan, na rubuta: babbar matsala.

Gwaggo ta leƙo kayen.

"Me kika rubuta nan, Uwata?"

Na faɗa mata. Ta dube ni, ta dubi murhun, sai ta fashe da dariya har ta dafa bango.

"Tukunyar uwarku ba za ta hau ba?"

"Ba za ta hau ba, Gwaggo."

"Ko an matsa?"

"Ko an matsa."

"To ke da karatunki, wannan ce matsala? Jiya na tsaya gaban wancan murhun mai kai biyar, ita na gani a tsaye sati biyu, bayanta ga duwatsu. Shekara talatin na san matar nan, ba ta taɓa cewa baƙo a'a ba, kuma ba za ta fara bana ba. Tambayi Madam ko baƙi za su iya zuwa wuni."

Nan ne aikin ya faɗo kaina. Faransancin Gwaggo na kasuwa ne, Yaya kuma ya fita amsa waya. Ni ko a aji ba na ɗaga hannu. Kuma na san yadda fuskar masu gida take canzawa in suka ji ana maganar dangi da yawa. Na shirya jimlar sau uku a raina, da ta fito kuma ta fito a karkace. Na ce mahaifina ya yi rashin lafiya, a wurinmu kuma in mutum ya tashi daga ciwo sai an zo an gaishe shi, za su iya kai ashirin. Madam ta dube ni. Ta ce kwana dai mutum shida ne, ko jariri ba za a ƙara ba, haka takardar inshorarta ta ce. Amma lambu da rana ba ruwanta, in dai za a ajiye motoci a dandalin gaban coci, a kuma watse kafin duhu. Ta ce lokacin da marigayi mijinta ya yi jinya mutum biyu ne suka zo. Na yi mata gaisuwar rashi kamar yadda ake yi a gida. Na sa hannu a takarda.

A hanyar saukowa Gwaggo ba ta sauke waya daga kunne ba. Kafin mu shiga Lyon ta raba mutane Lahadi biyu, ta kuma raba musu abin da kowa zai dafo: wance shinkafa, wance miya, wance fanke, mijinta da gasa nama. Ni ina bayan mota kaina yana sarawa, ina tunanin yadda zan fuskanci Baba.

Mun dawo Bobigny ranar Litinin da azahar, ƙafafuna sun kumbura, wuyana ya ƙage. Baba yana falo yana jiran labarin gida mai ɗaki biyar. Na zauna a ƙasa na buɗe kaye na karanta masa komai yadda yake, zafin kwari, matakala, hanyar rafi, gado shida. Fuskarsa ta sauya. Kafin ya yi magana Gwaggo ta kira, na tabbata ta auna lokacin isowarmu ne. Ya sa ta a lasifika, ta zayyana masa tsarinta.

"Baƙo ya zo da abincinsa? A gidana?"

"Ba gidanka ba ne, Yaya Alhaji, gidan Madam ne. In kana da magana ka je ka yi da murhunta."

Ya yi tsaki, ya ce ita tun tana yarinya haka take. Can kuma ya tambaye ni teburin lambun mutum nawa yake ɗauka.

Masu tambayata shawara, ga abin da na samo. Ku je ku gani da ido, ku ƙirga matakala, ku tambayi tsawon wurin in akwai mai ciwon zuciya, kada ku bar maganar baƙi sai kun iso. Layukan kayena duk sun yi amfani, amma ba layin da na ja wa wadda za ta tsaya a madafa, ga shi ita ce ta roƙe ni a bakin ƙofa. Na auna gidajen da abin da za su iya ɗauka. Wanda ya dace da mu shi ne wanda zai ƙi wani abu a madadin Mama, tunda ita ba za ta ƙi ba.

Da la'asar na same ta a madafa tana yanka albasa. Na ce mata tukunyar ba za ta yi aiki a can ba, na yi mata bayanin maganaɗisu. Ta ce ikon Allah, wane irin murhu ne wannan, Turawa da ƙirƙire-ƙirƙire. Ta wanke hannu, ta je ta ciro tukunyar daga cikin kayan tafiya, ta ce in hau kujera in mayar mata saman kabad. Ina sama ina turawa na ji ta tambaya, ba tare da ta ɗago ba:

"Kujerar nan ta lambu da kika ce, duwatsun take kallo?"

Na ce eh.

"To ki rubuta a kayenki, tawa ce."