Gishirin da Ya Buɗe Ɗakin Iya

A gidanmu na Bolori, kafin a ɗora ruwan shayi an ɗora garwashi a kasko. Iya, mahaifiyata, da hannunta take haɗa turaren wutarta, sandal da hawi da gab-gab, ta soya da sukari, ta shayar da madarar turare. Labule ƙamshi, laffaya ƙamshi, mu kanmu in mun shiga aji sai yara su ce ga 'yan gidan ka'aji sun iso, wato gidan turaren wuta da Kanuri. Haka na tashi, ban san akwai gidan da ake kwana a tashi ba a sa turare ba.

Da girma ya zo mata sai ƙirji ya kama ta. Tari ba dare ba rana, numfashi yana ƙara kamar buta a kan wuta. Likita ya ce hayaƙi kowane iri ta yi sallama da shi. Na dawo da ita gidana a Gomari, na kwashe kaskonta na kulle a sito. Magani ya karɓe ta, jiki ya yi sauƙi, amma ta ƙi ganin kowa. Ƙawayenta su hawo keke mai ƙafa uku tun daga Bolori, ta ce in ce tana barci. Ƙanwarta ta taso daga Khaddamari da kaji a kwando, a falo ta zauna har ta koma. Ni kuwa ba ni da haƙurin irin wannan, na shiga na yi ta faɗa. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Ɗakin da ke warin man zafi da asibiti zan shigar da mutane? Su fita su ce ta ƙare? Gara su tuna ni yadda suka san ni."

Maganar ta soke ni. Macen da hirarta ke tara unguwa, ga ta tana bushewa a ɗaki ita kaɗai, kuma ni ce na ɓoye kaskon.

Wata malama da muke koyarwa tare, 'yar kudancin Borno, ta ji damuwata. Da ta dawo daga Abuja ta kawo min wani ɗan kasko na tangaran, sama kwano ƙasa rami, da kwalbar wasu ƙwayoyi shuɗaye masu ƙamshi. Ta ce wannan ba ya hayaƙi. Ta fara min bayani na katse ta. Ni za a koya wa turare? Ina isa gida na hura gawayi a tsakar gida, na barbaɗa ƙwayoyin a kan garwashi yadda kowace 'yar Borno za ta yi. Suka hau tartsatsi, wani ƙauri ya tashi kamar an ƙona leda. Iya ta ɗaga murya daga ɗaki tana tambayar wane marar tarbiyya ne ke ƙona shara da rana tsaka.

Washegari Malama ta yi dariya har da hawaye. Ashe ba a haɗa su da wuta sam. Gajeren kyandir ake kunnawa a ramin ƙasa, a zuba ƙwayoyin kaɗan a kwanon sama, ba ruwa, ba garwashi, ɗumi kawai ke ta da ƙamshin. Na gwada, na ga gaskiyarta. Na tambayi likita, ya ce in bar taga a buɗe, in nesanta shi da gado, in ta fara tari in kashe. Na kai wa Iya ina taƙama. Ta shaƙa sau ɗaya ta yamutsa fuska, ta ce in fitar mata da warin sabulun otal daga ɗaki.

Na fito ina ƙunƙuni. Zan juye ƙwayoyin a shara sai na ga sun yi fari fat, ƙamshin ya gudu. Na ɗauki ɗaya na taɓa a harshe. Gishiri! Gishiri ne aka shayar da turare, aka zuba a kwalba, aka kai Abuja. Na tsaya a kicin ina dariya ni kaɗai.

Na sayo gishiri mai tsakuwa, na shanya ya bushe ƙarau, na je na roƙi Iya makullin akwatin da take ajiye madarar turarenta. Ta jefo min shi tana cewa wauta ce, gishiri na miya ne. Amma a gabanta na zauna da gangan, na fara tsiyaya man sandal kamar mai zuba manja. Ba ta iya jurewa ba. Ta tashi zaune ta fizge kwalbar, ta ce hannuna nauyi gare shi tun ina yarinya. Ɗiga wannan, rage wancan, juya da cokalin katako. Haɗin farko mai ya yi yawa, ya soyu a kwano ya yi ƙauri. Na biyu ta ce a rufe a kwalba a bar shi ya kwana biyu ya tsumu, yadda ake yi wa turaren gaske. Mun yi faɗa a kwanakin nan fiye da na shekara guda, kuma ban taɓa jin daɗin faɗa haka ba.

Ranar da muka ɗora shi, ɗakin ya ɗauki ƙamshin Bolori a hankali, ba ko zaren hayaƙi. Iya ta lumshe ido ta daɗe, ta ce da saura. Ana haka aka yi sallama. Babbar aminiyarta ce, wata dattijuwa Babarbariya da aka sha mayarwa daga falo. Na kalli Iya. Ba ta ce tana barci ba, gyara ɗankwali ta yi. Na ɗaga labule.

Dattijuwar ta tsaya turus a bakin ƙofa, ta ja numfashi, ta juyo kaina da faɗa, Kanuri da Hausa a haɗe. Wai kashe uwata zan yi? Ba likita ya hana hayaƙi ba? Ta durƙusa da gwiwoyinta masu ciwo tana leƙa ƙarƙashin gado tana neman garwashi. Iya tana ta ƙyaƙyata dariya.

"Nemo hayaƙin," in ji Iya. "In kin gan shi ki kai ƙarata asibiti."

Da aka nuna mata ɗan kaskon, ta riƙe baki ta tambayi wa ya haɗa. Iya ko kallona ba ta yi ba ta ce ita ce, yarinyar nan dai ta riƙe mata cokali. Na bar mata, duniya ta yi min daɗi a ranar. Na kawo shayi, na kawo abinci, har la'asar suna cacar baki a kan ko hawi ya yi yawa.

Da baƙuwar ta tafi ina kwashe kofuna, Iya ta kira ni.

"Ke, kira min ƙanwata a Khaddamari. Ki ce ta zo gobe, kuma ta taho da shirin kwana."