Ram Ɗin Kwamfutar Sakatariya

Na daɗe ina aikin masinja a wani ofishin gwamnati a nan Kaduna. Karatuna bai wuce firamare ba, shi ya sa duk lambar fayil da aka aike ni nema sai na rubuta a takarda, na duba sau uku kafin na tashi. Sakatariyarmu, wata dattijuwa 'yar kudancin Kaduna, takan yi mini dariya ta ce, "Malam, lambar nan ba gudu za ta yi ba." Ranar da ta yi ritaya ta ba ni tsohuwar kwamfutarta, ta ce in ajiye wa yara. Ba a jima ba ta rasu.

Kwamfutar ta zauna a ɗakinmu na Badarawa lulluɓe da zane, har 'yata ta zo buga aikinta na kammala makaranta. Da aka kunna, kafin shafi ɗaya ya buɗe sai ka shanye kofin shayi. Wani maƙwabcinmu mai karambanin gyara ya kwance ta, ya nuna mini wani siririn falle kore. Ya ce sunansa ram, shi ke riƙe mata aikin da take ciki, kuma ga gurbin ƙara na biyu. Na kwafe abin da ke jikinsa: DDR2.

A kasuwa mai shago ya miƙo mini DDR3. Na nuna masa takardata.

"Haba Baba, ai uku ta fi biyu. Wannan shi ake yayi."

Na ji kunyar musu, na karɓa. Muna gwadawa a gida, tsagar da ke ƙasan sabon ta ƙi zuwa daidai da ɗan tudun cikin gurbin.

"Ƙarfi yake so," in ji maƙwabcina, ya ɗora babban yatsa.

Na riƙe masa hannu. "Don Allah bari. Wadda ta ba ni ba ta nan balle ta sake ba ni wata."

Washegari na mayar wa mai shago abinsa. Tsohon ram ɗin kuma na naɗe a hankici, ina bin shaguna ina taɓa aljihu. A Kawo na dace da wani dattijo mai gyara. Ya zazzage gwangwani, ya zaro ɗaya, ya ɗora a kan nawa, tsaga ta hau tsaga. Ya ce lambar ba ta fifiko ba ce, iri take nunawa, kowace kwamfuta da wanda aka ƙera ta da shi. Duk da haka sai da na duba takardata sau uku.

Na saya, na koma gida, na sa shi da hannuna. Ya shiga ƙwas, ba gardama. Kwamfutar ta tashi da 'yar waƙar nan da nake ji kowace safiya, lokacin ina goge tebur, sakatariya tana ajiye jakarta. Na tsaya ina saurare, har 'yata ta ce, "Baba, ɗan matsa mini in fara."