Shayin da Aka Ce Ya Fitar da Ebo Daga Coci

Issifu haifaffen Zangon Kumasi ne, ɗan wata mai koko da ƙosai, tun yana goye yake shaƙar tururin tukunya. Boko bai shige shi ba, ɗinki ya gagare shi, da aka kai shi gareji saura kaɗan ya ƙona motar mutane. Abu ɗaya Allah ya hore masa: in ya dafa ruwa ya jefa masa wani abu, sai an nemi ƙari. Da wannan baiwar ya sauka Dubai shekara tara da suka wuce, ya samu aikin haɗa shayi a wani ofishin kargo da ke Port Saeed, hawa na uku, inda ta tagar kicin ake hango jiragen katako suna lodin firji da tayoyi a bakin ruwa.

Kicin ɗin bai fi banɗaki girma ba, amma Issifu yana mulkinsa kamar gadon ubansa. A hannun wani tsoho ɗan Kerala ta Indiya ya koyi karak, shayin nan mai kauri da madarar gwangwani, sai ya ga nasu da saura, ya ƙara masa kanumfari da citta irin na kokon uwarsa. Citta kam ba ya yi mata da wasa, sai ka ji ta har cikin kunnuwa. Kujerun roba biyu ne a kicin, da doka guda: ba mai zama a kansu sai wanda ke riƙe da kofin shayin Issifu. Mai shan ruwa, mai shan lemo, mai zuwa gulma zalla, duk bakin ƙofa. Manaja da kansa ya taɓa shigowa da gahawar kanti a hannu, kuma a tsaye ya ƙare ta.

Kowa a ofishin ya miƙa wuya, ban da mutum ɗaya. Ebo Quansah, mutumin Cape Coast, shi ke duba kaya kafin a rufe kwantena, kuma ɗan cocin Mormon ne tun haihuwa. Ranar da suka fara haɗuwa Issifu ya ji ɗan ƙasarsu ne, ya cika masa kofi har baki. Ebo ya yi godiya, ya ce addininsu ya hana. Ya bayyana cewa ba sa shan giya, ba sa shan taba, Issifu yana ta gyaɗa kai yana sa albarka. Da ya kai kan shayi da gahawa, sai da Issifu ya sa ya maimaita sau uku. A ganinsa wannan doka ba a yi ta don kowa ba sai don a ci masa mutunci.

Shekara shida yana yaƙi. Ya juya fanka ta riƙa kai ƙamshi teburin Ebo. Ya canza wa shayin suna zuwa maganin mura. Ya taɓa rantsewa cewa ganyen da ke ciki ɗan kaɗan ne, ko coci ba za ta gani ba. Ebo sai murmushi. Kullum da la'asar yakan zo ya jingina da ƙofar kicin riƙe da gorar ruwansa, su yi hirar ƙwallo da tsadar doya a gida, kujera tana nan ba kowa, amma doka doka ce. Issifu yana son mutumin nan har ransa, abin da ya ƙara masa haushi ke nan.

Wata Talata, Ebo ya zo kamar kullum, sai dai bai tsaya a ƙofa ba. Ya ja kujera ya zauna, ya ce, “Chale, abokina, zuba mini.”

Issifu ya zabura. Ya ɗauko kofin da yake ɓoye wa manyan baƙi, ya ninka citta don murna, ya tsaya a kansa kamar mai jiran sakamakon asibiti. Ebo ya kurɓa, idanunsa suka kawo ruwa. Issifu ya ɗauka daɗi ne ya ratsa shi. Nan take ya zaro waya ya ɗauke shi hoto, ya ɗora inda duk mai lambarsa zai gani, ya rubuta a ƙasa: “Bayan shekara shida, Alhamdulillah.”

Ebo ya yi ƙoƙarin yi masa bayani. Ya ce ya bar cocin, kuma ba jiya abin ya fara ba. Shekara biyu ke nan yana karanta tarihinta, ya ci karo da abubuwan da ba haka aka koya masa su yana yaro ba. Wanda ya fi tsaya masa a rai shi ne, har zuwa shekarar 1978 ba a ba baƙar fata matsayin limanci a cikinta, alhali mahaifinsa ya yi ƙuruciyarsa kaf yana jiran a zo a karɓe su. Ya yi tambaya, an ba shi amsa cikin mutunci, zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ya yi azumi, ya yi addu'a, daga ƙarshe ya gaji da tsayawa gaban jama'a yana cewa ya tabbata alhali bai tabbata ba. Duk wannan ya wuce ta bayan kunnen Issifu, don idonsa na kan kofi, yana lura da yadda yake raguwa. A ransa cewa yake, bawan Allah yana neman hujja ne kawai, kunya ce ta hana shi cewa shayi ya kayar da shi.

Malam Badaru, Bakanon da ke kula da takardun kwastan, shi ya ƙara hura masa kai. Ya ce shi dai bai taɓa jin wanda ya fitar da mutum daga addininsa da madarar gwangwani ba, ya kamata a kai tukunyar nan gidan tarihi. Issifu ya ce a daina, ba kyau, amma bakinsa har kunne. Har hula ya sayo ya ajiye a durowa, ko da Ebo zai nemi rakiya masallaci. Ebo ya ga hular, ya ce ya gode, shi yanzu ba inda za shi, hutawa yake.

Mako uku ana haka. Ebo na zuwa kullum, ya zauna, ya shanye kofi, sannan ya kama shaƙuwa har lokacin tashi. Ya rame, hirar ƙwallo ta mutu. Da Issifu ya matsa masa, sai ya faɗi abin da ke cinsa: yayarsa Araba ta daina ɗaukar wayarsa. Ita ta raine shi bayan rasuwar uwarsu, ita ta nemo masa biza, nas ce a wani asibiti a unguwar Al Qusais, kuma tun zuwansa Dubai bai taɓa fashin cin fufu a gidanta ranar Lahadi bayan coci ba. Ya so ya je ya gaya mata da bakinsa, a hankali, yana ta neman ranar da ta dace. Sai ga hoto ya riga shi. Wata 'yar cocinsu da ke aiko kaya ta ofishin tana da lambar Issifu, ita ta tura wa Araba.

Sauran labarin kuwa ya iso wa Ebo ta bakin wannan da wancan. Wasu sun ce wani ne ya ɓata masa rai a coci. Wasu sun ce lalaci ne, barcin safiyar Lahadi yake so. Wasu sun ce dama can imaninsa bai yi jijiya ba. Masu tausayi sun ce a yi ta masa addu'a, zai dawo. Araba kuwa, da hoto a hannunta, ta yanke cewa kwaɗayi ne: ƙaninta ya sayar da abin da ubansu ya jira shekara da shekaru a kan kofi guda, kuma in an fara da shayi, Allah kaɗai ya san abin da za a ƙare da shi. A cikinsu duka, in ji Ebo, ba wanda ya kira ya tambaye shi dalili.

Issifu ma yana da yaya a Kumasi, ya san in ta yi fushi da shi ko abinci ba ya shiga. Ya raba ɗan'uwa da 'yar'uwa, kuma shi zai gyara. Sai dai hanyar gyaran da ta zo masa irin tasa ce. Ranar Asabar ya dafa karak mafi kyau da ya taɓa dafawa, ya cika fulas, ya sa babbar rigarsa, ya hau jirgin ƙasa na metro zuwa Al Qusais rungume da fulas ɗin kamar jariri.

Araba ta buɗe ƙofa, doguwar mace mai gilashi, ta gane fuskarsa daga hoton da ke jikin lambarsa, ba ta ce ya shigo ba. Issifu ya durƙusa nan a barandar, maƙwabta 'yan Filifin suna leƙe. Ya ce laifin nasa ne. Ebo mutumin kirki ne, ya yi ta maza shekara shida, amma ɗan Adam yana da iyaka. Kada ta hukunta ƙaninta kafin ta san abin da ya fuskanta. Ba cewa ya yi ta sha ba, Allah ya kiyaye, ta sansana kawai. Ya murɗe murfin fulas ya miƙa mata.

Ta sunkuya ta shaƙa, don ta rabu da shi. Sai ta ɗago ta dube shi.

“Citta ce a ciki?”

“Sista, ita ce sirrin,” in ji Issifu, duk da nadamar da yake ciki bai iya ɓoye alfahari ba.

“Wannan Ebo yake sha? Kullum?”

Ya ce kullum, har yakan shanye tas. Sai Araba ta gaya masa cewa tun Ebo yana shekara huɗu ba ya iya haɗiye citta, ko a miya ta yi yawa sai ya wuni yana shaƙuwa yana hawaye, shi ya sa tukunyarsa daban take yi masa ranar Lahadi. Issifu ya tuna shaƙuwar mako uku. Shi duk a zatonsa santi ne.

Ya zauna daɓas a ƙasa. Nasarar shekara shida ta zube a barandar mutane. Amma da ya ɗaga kai sai ya ga abin ya fi dukan Araba. Ta cire gilashi tana goge shi da gefen zani. Ta ce ita ta fi son a ce shayin ne. In kwaɗayi ne, ta san maganinsa, kunnensa za ta ja ta mayar da shi. In kuwa ba daɗi yake bi ba, to da gaske yake, ita kuma ba ta san yadda ake yi da wannan ba. Ta rufe ƙofa a hankali, ba sallama.

Ranar Litinin Issifu bai gaida kowa ba. Da la'asar Ebo ya shigo ya ja kujera, Issifu ya riƙe buta ya ƙi zubawa. Ya tambaye shi, tsakaninsa da Allah, shayin da daɗi? Ebo ya sosa ƙeya, ya ce kamar ana zuba masa barkono a maƙogwaro. To don me yake sha?

“Ai ka ce ba a zama sai da kofi,” in ji Ebo. “Ni kuma ba ni da wani wurin zama yanzu.”

Issifu ya juya wa tukunya fuska ya daɗe yana juya abin da ba ya bukatar juyi. Yana cikin haka Malam Badaru ya leƙo ya ce ga wata mata tana neman mai shayi, kuma daga ganin fuskarta ba shayi ta zo sha ba.

Araba ce, da kayan aikinta, ta taso daga asibiti. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi ƙaninta, ta ce ya rame kamar ba a sayar da abinci a Dubai. Ta ce kada ya ɗauka ta yarda da abin da ya yi, ba ta yarda ba, kuma za ta yi ta masa addu'a har ta mutu, ko yana so ko ba ya so. Ebo ya ce ta yi, bai hana ba. Ta ce ta zo ne ta ji dalilin daga bakinsa, tun daga farko, kuma kada ya tsallake komai.

Sai ta dubi kujerar da ba kowa, ta dubi Issifu. Malam Badaru ma ya dube shi, don ya san doka, kuma ba ya son a yi abin kallo ba ya nan.

Issifu ya goge kujerar da tawul ɗin kafaɗarsa ya tura mata. Ya wanke kofin manyan baƙi da wani guda, ya zuba musu ruwan zafi zalla, ya matse lemon tsami a kai, abin da a da ya rantse ko gawarsa ba za ta yi ba. Ya kori Malam Badaru da gwiwar hannu. Kujeru biyu ne kawai a kicin, don haka ya ɗauki nasa kofin ya fita, ya jingina da ƙofa daidai inda Ebo ya yi shekara shida yana tsayawa, ya ce wa duk mai zuwa shayi ya ƙare.