Kaurin Kwabo: Ga Silas Ackroyd

Mutane da yawa suna zaton ƙarfe ne ke riƙe da rufin babban gidan gilas na lambun garinmu. Ba haka ba ne. Siraran katako ne dubu huɗu, kowanne da ɗan kwarmin da gilas ke zama a ciki. Wanda ya fere su, Silas Ackroyd, ya rasu ranar Talata, sha bakwai ga Nuwamba, 1868, bayan doguwar jinyar tari.

Silas, shekara tara ina kawo maka ɗalibaina su ga injinka mai aiki da tururi. Katako ya shiga ta nan, wuƙaƙe masu juyawa su kama shi, ya fita ta can a fere. Kakan ɗaga hannunka mai yatsu uku ka ce, "Ku matsa baya, 'yan samari, wannan ba ya tambayar sunan mutum."

Sai da aka gama ɗora rabin rufin ka gane wuƙa ɗaya ta dakushe. Zurfin kwarmin ya gaza da kaurin kwabo. Babu wanda ya lura. Ka san dusar ƙanƙara za ta zamar da gilas ta sako shi a kan duk wanda ke ƙasa, ka kuma san faɗin hakan zai raba ka da aikinka. Ka je ka faɗa.

Mai masana'antar da kake wa aiki ya ce, "Ackroyd, ka sha ne da safen nan? Wa zai hau sama ya auna?"

Ka ce, "Ba mai hawa, yallaɓai. Masu lambu dai a ƙasa suke tsayawa."

An sauke rufin, an sake fere wasu katakon, kai kuma aka sallame ka a ranar. Ba wanda ya ƙara ba ka inji. Ka ƙare kana shara a wurin yanka katako, garinsa ya cika maka ƙirji. Ranar buɗe gidan ba a gayyace ka ba, ni ma da nake cikin taron ban ambaci sunanka ba. Wannan yana damuna har yau.

Ubangiji ya ji ƙanka, ya ba ka hutun da ba mu ba ka ba. Ya sanyaya zuciyar matarka Keziah da 'ya'yanka, Tabitha da Enoch.

Ɗalibaina, idan kun shiga gidan, akwai guntun katakon da aka sauke, rataye bayan ƙofar arewa. Ku sa kwabo a kwarminsa, ku sa a na tagar da ke kusa. Sannan ku ɗaga kai.